Ni Na Kashe Fijon Baba

Masu karatu, yau ba ni da doguwar gaisuwa. Ina zaune a bakin gadon Inna da salula a hannu, kuma abin da zan faɗa muku ko Saliha da muke kwana ɗaki ɗaya a wurin aiki ba ta san shi ba. Ga wanda bai san ni ba, sunana Hafiza, ɗiyar Malam Nomau direba ta nan Gazawa. Malamar lakol ce ni, wato makarantar boko, ina riƙe da ajin ƴan farko a Gangara. Shekaruna kuwa sun kai inda in an yi biki a unguwa tsofaffin mata kan kama hannuna su ƙi saki, suna cewa saura ke, saura ke.

Duk wanda ya san gidanmu, da motar ya san shi. Fijo ce kat-san-kat, wato 404, doguwa mai kujeru jere uku, shuɗiya mai haske, giyarta a jikin sitiyari. Ta girmi Yaya Isma'ila, wanda shi ne babbanmu. Baba ya saye ta tun da ƙuruciyarsa daga hannun wani ma'aikacin gyaɗa, ya yi ta jigilar mutane da ita tsakanin Gazawa da Maraɗi da Tasawa har sa'o'inta duka suka ƙare a hannun maƙera. Tun da ya bar tasha ba ta ɗaukar fasinja, amma ba ta zauna ba. In mace ta shiga naƙuda a layinmu, ƙofarmu ake bugawa. In za a kai amarya, ita ake ɗaura wa ado. Ƴan Yamai da ƴan Katsina masu wucewa kan tsaya su roƙa a bar su su ɗauki hoto, Baba ya gyara hula ya dafa ta kamar kafaɗar aboki. Tsohuwa yake ce mata.

Doka ɗaya gare shi a kanta: babu makaniken da ya taɓa buɗe mata kapo, wato murfin inji. Shi ke gyara abinsa. Ni kaɗai ya yarda in tsaya kusa, don Yaya Isma'ila ba ya son baƙin mai a hannu, ni kuwa tun ina ƙarama nake miƙa masa sifana. A gindin bedin gidanmu, itacen da wasu ke kira dogon yaro, na koyi buji, wato fulogi, da karbireta da delko, kafin ma in iya tuƙa tuwo yadda Inna take so. Da na fara aiki, shi ke kai ni Gangara ran Litinin ya ɗauko ni ran Juma'a. Yara su biyo mu da gudu suna ga motar Madam, ga motar Madam, shi kuma ya danna musu odar nan tata mai kama da kukan tsohon rago.

Litinin ɗin da abin ya soma, ana tsakiyar zafi ne, lokacin mangwaro. Muna kan hanyar Gangara, yana ba ni labarin wani fasinja da ya taɓa mance akuya a motarsa. Tun daga nesa na hango wata Bafillatana a gefen hanya, da ƙwaryar nono a ka, da goyo a baya, zanenta ja wur. Na ɗauka ya gan ta. Motar kuwa sai karkata take wajenta a hankali, shi yana ta dariyar akuya. Ban san lokacin da na kama sitiyarin na fizgo ba. Madubin gefe ya doki ƙwaryar, nono ya watsu a gilashi, matar ta faɗi zaune a rairayi, jaririn ya tsala kuka.

Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba su yi ba. Baba ya fita ya yi ta ba ta haƙuri. Da muka koma mota ya ce mutanen nan sai su ɓullo maka daga bayan sabara ba sallama. Na waiga. Babu sabara ko ɗaya a wurin, fili ne fetal har iyakar gani.

Daga nan idona ya buɗe a kan abubuwan da na daɗe ina gani ban kula ba. Shayi yakan zuba a gefen kofi ya ce kofin ne ya karkace. Baƙo in ya shigo, sai ya yi magana Baba ke kiran sunansa. Na samu Inna a madafa na faɗa mata, ta ci gaba da tankaɗe ta ce ita ma ta lura, amma wa zai kalli Malam ya ce masa ya daina tuƙi? Na kira Yaya Isma'ila a Maraɗi, ya ce ai magana ta zo da sauƙi, yana da wani mutum a Yamai mai tara tsofaffin motoci da ya daɗe yana naci, a sayar kowa ya huta. Na lallaɓa Baba da kaina na ce mu je a duba masa ido a Maraɗi. Ya yi dariya ya ce idon da ya raba dare yana tuƙi ba fitila shi za a kai wa likita? Tozali kawai yake buƙata.

Ku yi mini adalci a nan, na gwada hanyar kirki tukuna. Abin da ya biyo baya ne ba ni da bakin karewa.

Wata Asabar ya tafi ɗaurin aure bayan azahar, Inna ta shiga maƙwabta. Na ɗaga kapo na ɓalle murfin delko. A ciki akwai wasu ƴan ƙarafa biyu masu haɗe baki su rabu, su ke sa wuta ta kai ga buji, filatin ake ce musu. Baba ne ya koya mini cewa in datti ya hau bakinsu mota ba ta tashi. Na ɗauko man farce marar launi, ragowar na bikin wata ƙawata, na shafa musu, na hura ya bushe, na mayar da komai yadda yake. Har sawun takalmina na share da tsintsiya. A raina na ce na ɗan lokaci ne, in ya gaji zai yarda mu je likita.

Ran Litinin ya murɗa mabuɗi, Tsohuwa ta yi ta kuka ba ta kama ba. Ya ce in hau kabu-kabu kada in makara, kafin Juma'a ya gano ciwonta. Na ɗaure jakata a bayan babur ina kallonsa ya sunkuya cikin inji, yana lalube da yatsu inda da can kallo ɗaya yake yi.

Kuma ya gano. Ranar Juma'a da na dawo na tarar da gida kamar ana suna. Ya goga filatin da takardar yashi, ta tashi, har ya zagaya da ita kasuwa ya dawo. Inna ta ce ya shafi bangon maƙwabcinmu Malam Hassan da gefenta wajen shigowa, amma ya ce ba shi ba ne, tsohon tabo ne. Ya sa aka yanka zakara. Na ci naman nan tare da su, washegari da ya fita sallar la'asar na sake shafawa, wannan karon da kauri.

Shi ne abin da ya fi cina. Na farko zan iya cewa tsoro ne. Na biyu na ga farin cikinsa da idona, na kuma koma na buɗe murfin.

Tun da ya san ya goga filatin da hannunsa, bai ƙara zarginsu ba. Ya canja buji. Ya kai batir caji. Ya kwance karbireta ya wanke, wani ɗan ƙusa ya faɗi cikin rairayi ya wuni yana lalube, ni na tsinta masa, yana gab da ƙafarsa. Ya daina zuwa majalisarsu ta tsofaffin direbobi a bakin tasha, don kowa tambayarsa ina Tsohuwa. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Wata safiya aka buga ƙofa, Kadi matar maƙwabcinmu ce naƙuda ta zo mata da gardama, Baba ya fita ya ce musu mota ba lafiya. A amalanke aka kai ta. Ta sauka lafiya, alhamdu lillahi, amma ranar bai taɓa tuwo ba. Na ji yana faɗa wa Inna cewa ba motar ba ce, hannunsa ne ya ƙare, ita ma ta gane mai ita ya tsufa. Ina bayan labule ina ninke kaya. Na ce wa kaina da shi ya tuƙa su fa, da Kadi da abin da ke cikinta, wa ya san inda za su ƙare? Hakan gaskiya ne. Amma bai hana ni kasa haɗa ido da shi ba.

A Gangara kuwa ni ce mai koya wa yara gaskiya. Ajina rumfar kara ce, yara cunkus a tabarmi, alli ya shiga farce ya shiga maƙogwaro, kafin tashi murya ta dushe. Ina son aikin, musamman ranar da yaro ya fara haɗa baƙi da wasali ya ɗago yana kallona kamar ni na ƙirƙiro karatu. Amma a watannin nan duk safiyar da na tsaya ina cewa mai ƙarya ba ya ganin albarka, sai in ji kamar wata ce ke magana da bakina. Wata yarinya ta ɓoye allon ƴar'uwarta ta rantse ba ta gani ba, na sa ta durƙuso, sannan na zagaya bayan rumfa na share hawaye da bakin mayafi.

Ga abin da zai ba ku haushi da ni. Ta dalilin mutuwar motar nan na haɗu da Gidaɗo.

Wata Juma'a ni da Saliha muna bakin hanya muna jiran kabu-kabu, hadarin farkon damina ya haɗo, sai ga wata tsohuwar Fijo senk-san-kat, wato 504, mai buɗaɗɗen baya ta tsaya, fara sol, an goge ta kamar kwanon amarya. Mai ita, Gidaɗon ke nan, dogo ne siriri, da farar riga mai gajeren hannu da ƴar hula baƙa, bayan motar cike da akwatunan allurar shanu. Malamin dabbobi ne, ɗan wajen Cadakori, an turo shi Gazawa aiki. Ya ce useni, wato don Allah, mu shiga kada ruwa ya same mu. Hausarsa tana da ɗan karkata irin ta Fulani, wani lokaci ya ce wa mace shi, ya gyara da sauri yana jin kunya. Muna tafiya na ce motarsa tana da daɗin murya. Ya waigo ya ce mata ba su cika cewa haka ba, yawanci tambaya suke yaushe zai sayi sabuwa. Ya ba mu labarin yadda ya tsince ta a wani kango awaki na kwana a ciki, ya yi shekaru yana tara mata kaya ɗaya-ɗaya, daga Maraɗi, daga Jibiya, har daga Zindar. Ya ce sabuwar mota ba ta buƙatarka, tsohuwa kuwa kullum sai ka gaishe ta. Saliha ta yi ta mintsinina har muka iso.

Ba sai na ja ku da nisa ba. Ya karɓi lambata, saƙo ya fara shigowa, daga ina kwana Madam har ya kai ga hoton ɗan maraƙin da ya karɓi haihuwarsa da kalma ɗaya a ƙasa: kyakkyawa. Na ce maraƙin ko wa? Ya ce in zaɓa.

Da maganar ta shiga gida, Gwaggo Maimuna ƙanwar Baba ta zo takanas da lulluɓinta mai ruwan goro ta zauna a tsakar gida ta ce ita ba ta yarda ba. Bafillace ne, gobe in an yi masa canjin aiki ya kwashe ni sai ruga, ga ɗan ƙawarta mai shagon atamfa a Maraɗi yana ta aike. Inna ta ce ita dai ko wane ne a yi, ta gaji da amsa tambayar mata. Yaya Isma'ila ya kira ya ce shi ba ruwansa da ƙabila, amma mutumin da ke yawo da mota irin ta Baba a wannan zamani a bincika hankalinsa, ya kuma ƙara tuna mini mutuminsa na Yamai har yanzu yana jira. Baba kuwa tun da Tsohuwa ta kwanta ba ya cewa komai a kan komai.

Ranar da Gidaɗo ya zo gaishe shi, na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na kai fura da ruwan sanyi na koma bayan ƙyaure na kasa kunne. Gaisuwa ta ƙare. Can sai Baba ya ce wace mota ce ya ji ta tsaya a ƙofa, don wannan ba muryar motocin yanzu ba ce. Gidaɗo ya faɗa masa. Ƴan'uwa, rabon da in ji dariyar Baba irin ta ranar har na manta. Suka fita Baba ya shafa motar tun daga fitila har baya, suka dawo suna gardama a kan wace ta fi jure rairayi. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Baba ya ce, "Zo ka duba mini Tsohuwa."

Ina tsaye a ƙofar madafa da faranti a hannu Gidaɗo ya naɗe hannun riga ya sunkuya. Ya bi wayoyi, ya sa Baba ya murɗa mabuɗi, ya saurara. Ya ɓalle murfin delko. Ya kai farce ya ɗan kankara, ya ɗago yatsan ya duba a rana, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya waiwayo, ba wajen Baba ba, wajena. Ban san me ya gani a fuskata ba. Ya mayar da murfin a hankali, ya ce wa Baba abin yana son nazari, a ba shi lokaci ya sake dawowa da kayan aiki. Baba ya ce ai ya faɗa, ciwon nata ba ƙarami ba ne, ya raka shi har mota yana sa masa albarka.

Gidaɗo bai kai gida ba saƙonsa ya shigo.

"Hafiza, waye a gidanku yake shafa man farce?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na faɗa masa duka, da matar mai jan zane, da bangon Malam Hassan, da shafawa ta biyu. Na ga alamar ya karanta. Na zauna ina kallon salula har Inna ta ce tuwo zai kama.

Amsarsa ba ta da tsawo. Ya ce ya gane tsorona, kuma da shi ne a motar ranar da shi ma ya tsorata. Amma yau ya kalli dattijon da yake neman ɗiyarsa ya ɓoye masa gaskiya, kuma a gidansu ba a fara surukuta da haka. "Ba zan tona ki ba," ya rubuta. "Amma in ya sake tambayata, ba zan sake cewa nazari ba. Ke ya kamata ya ji daga bakinki."

Na ce in na faɗa Baba zai gyara ta ya hau hanya, in ya kashe wani fa? Ya ce to in tsaya a gabansa in hana shi yana ji yana sani, wannan shi ne hani. Abin da nake yi yanzu kuwa, na bar mutum yana zargin hannunsa. Na yi fushi na kashe salula. Na yi fushi ne don babu inda ya yi kuskure.

Na koma Gangara na yi makon nan kamar marar lafiya. Da na dawo, Inna ta tare ni da murna tun a zaure. Baba ya kira Gwaggo Maimuna ya ce mata maganar mai shagon atamfa na Maraɗi ta mutu, ya ba Gidaɗo izini ya turo manyansa. Ya kuma ce in Allah ya sa yaron nan ya tayar da Tsohuwa, shi da kansa zai tuƙa ni zuwa ɗakina, ba zai bar wa kowa ba.

Yau da hantsi na same shi a gindin bedi, ya baza tsumma ya jera sifanu a kai yana gogewa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce Madam ta tashi? Na ce Baba ina da magana. Na soma daga matar mai nono, na ce babu sabara a wurin, tun daga nesa na hango ta. Hannunsa ya tsaya. Na ci gaba har na kai ga kwalbar man farce da Asabar ɗin nan biyu. Inna ta fito daga madafa da muciya ta tsaya cak.

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ranar da na yanka zakara," ya ce, "kin ci?"

"Na ci, Baba."

"Ranar da aka kai Kadi a amalanke kina gidan nan?"

"Ina nan."

Ya juya sifana a hannunsa. "Shi yaron ya gani?"

Na ce ya gani, amma ba da shi aka yi ba, shi ne ma ya ce in faɗa. Baba ya gyaɗa kai. Ya laluba cikin akwatin kayansa ya ciro takardar yashi ya miƙo mini, ya ce hannun da ya shafa shi zai goge. Na ɗaga kapo a gabansa, hawaye na ɗiga a kan inji, na goga filatin har suka yi fes, na mayar da murfi. Ya shiga ya murɗa mabuɗi. Bugu ɗaya ta kama. Duk gidan ya ɗauki muryarta, kaji suka watse, ƙamshin hayaƙinta da na tashi a cikinsa ya cika tsakar gida. Ya ɗora hannu biyu a sitiyari ya rufe ido yana saurare.

Sannan ya ce, "Hafiza, buɗe ƙofa."

Na tafi har bakin babbar ƙofa na kama sakata. Ta ramin ƙyaure ina ganin layinmu, yara na buga ƙwallon tsumma, wata mai tallar ƙosai na zaune a gefen kwata. Na saki sakatar na juya na jingina bayana da ƙofar.

"Ba zan buɗe ba, Baba."

"Mi kika ce?"

"Ba ka gani. Ka yafe mini abin da na yi a ɓoye, ban kyauta ba. Amma wannan a gabanka nake faɗa, ba zan buɗe ba."

Inna ta ce Hafiza, a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya fashe. Injin na ta aiki. Baba na kallon inda nake, kuma na san ba fuskata yake gani ba, shuɗin atamfata kawai yake gani a jikin ƙofa. Daga baya ya kai hannu ya kashe ta.

Ya fito ya laluba aljihu ya ciro ƴar salularsa mai maɓallai, ya miƙo mini.

"Kira mini Isma'ila," ya ce. "Ba na ganin sunayen."

Karon farko ke nan da ya faɗa da bakinsa. Na karɓa na shiga jerin sunaye. Na Gidaɗo na sama kaɗan da na Yaya. Wallahi sai da zuciyata ta ce in danna nasa, kafin Baba ya gane ba Yaya na kira ba Gidaɗo ya riga ya ɗaga, ya zo ya ba shi baki. Yatsana ya tsaya a kai. Sai na gangara na danna Isma'ila na sa masa a hannu.

Maganar ba ta yi tsawo ba. Ya ce mutumin nan naka na Yamai, ka ce masa ya zo ya ɗauka, mota lafiyarta lau. Ina jin muryar Yaya daga nesa yana tambayar me ya faru, Baba ya kashe. Na ce Baba ba sai an sayar ba, ni zan koyi tuƙi, ko Gidaɗo ya riƙa fita da kai, mu je Maraɗi a duba idon, wataƙila yanar ido ce kawai a cire. Baba ya zagaya motar yana dafa ta, ya wuce ƙofar direba, ya buɗe ɗaya gefen ya zauna a inda fasinja ke zama, ya bar ƙofar a buɗe. An kira azahar yana nan. Inna ta kai masa fura ta dawo da ita yadda ta kai.

Ni kuma na shigo nan na zauna ina rubuta muku, don in ban faɗa wa wani ba ƙirjina zai tsage. Ban sani ba ko na ceci wani a hanya, ko kuwa na karya tsoho a banza. Wataƙila duka biyun na yi.

Yanzu Inna ta ɗaga labule, idonta ja. Ta ce Baba ya ce in kira masa Gidaɗo, ya zo shi kaɗai ba da manyansa ba, kuma in ya zo kada in fito.